Daga lambunan Kiyoto zuwa gonakin Kongolam: Wa ke ƙirga itatuwan da suka rayu?

Duk ƙarshen watan Maris, hotunan wani fure mai ruwan hoda sukan cika Facebook da TikTok. Furen itacen sakura ne na ƙasar Japan, wanda kan buɗe gaba ɗaya kamar an yi masa shela, ya yi mako ɗaya zuwa biyu, sannan iska ta kakkaɓe shi. Miliyoyin mutane kan yi shimfiɗa a gindinsa su ci su sha, al'adar da suke kira hanami, ma'ana kallon fure. A daidai wannan lokaci, a Kongolam, garin kan iyaka da ke ƙaramar hukumar Mai'adua a masarautar Daura, zafin bazara ne ke kankama, ƙasa ta yi fari fat, dabbobi sun cinye karan da ya rage a gonaki. Itacen da ya fi ɗaukar ido a tsakiyar wannan fari shi ne gawo, yana tsaye da koren ganyensa, yana zubo wa awaki 'ya'yansa.

Itatuwan biyu ba su haɗa dangi ba. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu agogo ne ga mutanensa, kuma kowannensu ya taɓa shiga maganar kuɗin gwamnati. Inda suka rabu shi ne wajen lissafi.

Fure biyar a kan itace ɗaya

A Japan, buɗewar fure aikin hukuma ne. Tun 1953 hukumar kula da yanayi ta ƙasar ke rubuta ranar da sakura ya fara fure, kuma tana da itatuwa na musamman da ta ware a wurare fiye da 50. Na birnin Tokiyo yana harabar wurin ibada na Yasukuni. Ma'aikaci zai je ya tsaya a gindinsa, 'yan jarida na kewaye da shi, ya ƙirga da idonsa. In ya sami fure biyar ko shida, a sanar cewa lokaci ya kama. In kashi 80 cikin 100 suka buɗe, a ce fure ya cika. Akasarin itatuwan da ake gani a biranen ƙasar nau'i ɗaya ne, Somei Yoshino, wanda aka yaɗa ta hanyar aure da dashe tun ƙarni na 19, shi ya sa suke buɗewa tare idan sun sami zafi iri ɗaya.

Lissafin ya girmi hukumar nesa ba kusa ba. A shekarar 812, Sarki Saga ya yi zaman kallon fure a lambun Shinsen-en da ke Kiyoto, kuma marubutan fada suka rubuta. Fadawa da malaman ibada suka ci gaba da rubuta ranakun irin wannan zama a kundayensu, ƙarni bayan ƙarni. Wani masani a Osaka, Yasuyuki Aono, ya bi waɗannan kundaye ya tsamo ranakun, ya jera su. A cikin jerin nan ne aka ga cewa a 2021 fure ya cika a Kiyoto ranar 26 ga Maris, abin da ya riga duk wata rana da aka taɓa rubutawa kafin nan. Wadda ta fi kusa da ita ita ce 27 ga Maris ta 1409. Wani bincike da aka fitar a 2022 tare da hukumar yanayi ta Birtaniya ya nuna cewa ɗumamar da ɗan Adam ya haddasa, haɗe da zafin birni, sun jawo ranar baya da kwana 11. Littafin liyafar sarakuna ya zama hujjar kimiyya, don kawai ba a jefar da shi ba.

Lambun gargajiya na Japan, wanda baƙo kan ɗauka halitta ce ta tsara shi, aikin almakashi da igiya ne. A Kenrokuen da ke Kanazawa, ɗaya daga cikin manyan lambuna uku na ƙasar, duk 1 ga Nuwamba ma'aikata kan fara ɗaure rassan itatuwa da igiyoyi don kada nauyin dusar ƙanƙara ya karya su. A Hirosaki, can arewa, masu kula da lambun fadar garin sun aro dabarar aske rassa daga manoman tuffa na yankin, har ga shi sakuran da aka dasa a 1882 yana fure zuwa yau. Mai karatu ya riƙe maganar askin nan, domin za ta dawo a bakin iyaka.

Ko siyasar ƙasar ba ta tsira daga furen ba. Daga 1952 zuwa 2019 firaminista kan shirya bikin kallon fure da kuɗin gwamnati, a lambun Shinjuku Gyoen. A 2019, zamanin Shinzo Abe, baƙi sun kai kimanin 18,000, an kashe wajen yen miliyan 55 alhali kasafin bai kai miliyan 18 ba, kuma aka zargi firaministan da cika wurin da magoya baya daga mazaɓarsa. A ranar da wani ɗan majalisar adawa ya nemi takardun bikin, a ranar ne jami'ai suka zuba jerin sunayen baƙi a injin yayyaga takarda. Ƙarshenta aka dakatar da bikin, aka ci sakataren Abe tarar yen miliyan ɗaya a Disamba 2020 saboda rashin bayyana kuɗin liyafar da ake yi wa magoya baya a jajibirin bikin, shi kuma Abe, wanda ba a gurfanar ba, ya je gaban majalisa ya ba da haƙuri. Kuɗin da aka yi wannan dambarwa a kansu ba su kai dala miliyan ɗaya ba.

Itacen da ke saɓa wa damina

Gawo, wanda masana ke kira Faidherbia albida, yana yin akasin sauran itatuwa. Idan damina ta faɗi, kowa na tofo, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya kamar busasshe. Da kaka, ruwa na ɗaukewa, sai ya fitar da sabon ganye da fure mai ƙamshi, fari mai ratsin rawaya, wanda ƙudan zuma ke rububinsa. Jijiyarsa na nutsewa har ta kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, don haka ba ya takara da gero a kan danshin sama. Ganyen da ya zubar a farkon damina taki ne. Dabbobin da suka yi rani suna fakewa a inuwarsa sun bar nasu takin. Kuma da yake ba shi da ganye lokacin da shuka ke buƙatar rana, bai tare mata komai ba. Duk manomin da ya taɓa yin girbi a gindin gawo ya san zangarniyar wurin daban take. 'Ya'yansa kuwa abincin kiwo ne da ake sayarwa da tiya da buhu, kuma masu turkar raguna da ke kai su kasuwar Mai'adua ranar Lahadi sun san darajarsu. Ƙwayar irinsa ma ta fi saurin tsirowa bayan ta bi ta cikin akuya ko saniya, wato makiyayi na cikin masu shuka shi, ko da bai sani ba.

Dattawan karkara suna karanta shi yadda ma'aikacin Tokiyo ke karanta sakura: zubar ganyensa alama ce ta ƙaratowar ruwa. Sai dai wannan ilimi a ka yake zaune, kuma yakan tafi kabari tare da mai shi.

Sarakunan da sun san muhimmancinsa. Masu binciken tarihin daji sun sha ruwaito cewa a ƙarni na 19, Sarkin Damagaram Tanimu ya kafa doka mai tsanani a kan gawo, har ta kai ga hukuncin kisa ga wanda ya sare shi. Wannan ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne ga mutumin Kongolam. Bayan jihadi, zuriyar sarakunan Haɓe na Daura sun je sun zauna a Zango da Baure, inda tasirin Damagaram ya yi ƙarfi, har zuwa 1906 lokacin da Turawan Ingila suka mayar da gidan sarautar birnin Daura. Layin da ya raba Kongolam da Ɗan Barto, Ingila da Faransa ne suka shata shi a farkon ƙarni na 20. Ƙasar jigawa ɗaya ce, harshe ɗaya, gero ɗaya, aure na shiga yana fita.

Abin da ya faru a tsallake

Wanda ya ƙetare daga Kongolam ya nufi Matamaye, ko ya karkata gabas zuwa Magarya, ya shiga ɗaya daga cikin wuraren da masana muhalli suka fi yin rubutu a kansu a Afirka. A farkon shekarun 1980, gonakin jihohin Maraɗi da Damagaram sun yi ƙwal. Fari ya taimaka, amma doka ta fi fari laifi. Tun dokar daji ta Faransa ta 1935, da wadda ta gaje ta bayan 'yancin kai, itatuwa masu daraja mallakar gwamnati ne, ko da a tsakiyar gonar mutum suka tsiro. Malamin daji na iya cin tarar manomi don ya sare reshen gawon da ke gonarsa. To, me zai sa ya bar tsiro ya girma ya zame masa ƙaya? Sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Malaman gona kuma suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas.

A 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya shafe shekaru yana dasa itatuwa a yankin Maraɗi suna mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa duk shekara ba ciyayi ba ne. Toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, waɗanda jijiyoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya: maimakon a sare tohon duka, a zaɓi biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi, a aske ƙananan rassansu, a cire sauran, a tsare su daga gatari da bakin akuya. Tun da jijiya ta riga ta kafu, cikin shekara uku zuwa huɗu sai ga itace. Manoma suka laƙaba wa abin suna sassaben zamani. Ita ce dai dabarar Hirosaki, da lauje da adda a maimakon almakashi.

Yunwar 1984 ta ba dabarar ƙofa, lokacin da aka haɗa ta da rabon abinci a ƙauyukan Maraɗi. Da rabon ya ƙare, da yawa sun sare abin da suka raina, amma wasu suka riƙe, kuma maƙwabta suka ga bambancin. A ɓangaren Damagaram kuwa, manoman Magarya da Matamaye da Mirya sun fi yin abin da kansu, suna kare tsiron gawo, domin mutane sun yi yawa, babu sauran dajin da za a faɗa, taki kuma ya fi ƙarfin aljihu. Ana cikin haka gwamnati ta yi rauni, malaman daji suka ragu a ƙauyuka, sannan dokar ƙasa ta karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka sassauta riƙon. A Yuli 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta amince cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa yana da haƙƙi a kansa.

Babu wanda ya san girman abin sai da aka ƙirga. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya kwatanta hotunan sama na 1975 da na farkon shekarun 2000, tare da Chris Reij da masana na Nijar irin su Mahamane Larwanou. Suka ƙiyasta cewa manoma sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, abin da ya ƙara hatsin da ake girbewa da kusan tan 500,000 a shekara. Gonakin da a da ke da itace biyu ko uku a hekta sun koma 40, 60, wasu ma fiye da 100. Masu binciken sun ce a wasu wurare ana iya gane layin iyakar Nijar da Nijeriya daga hoton tauraron ɗan Adam, saboda gefen arewa, wanda ya fi ƙarancin ruwan sama, shi ya fi duhun itace.

Bai kamata a mayar da wannan tatsuniya ba. Nijar ba ta rabu da yunwa ba. A 2005 yankin Maraɗi ɗin nan ne ya fi jigata. Ana satar itace da dare, makiyaya da manoma na samun saɓani a kan sarar ganyen gawo, matan da ba su da gona kuma sun rasa wuraren da a da suke yo itacen girki kyauta. Haka nan gefen Nijeriya ba fako ba ne: Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya nuna cewa manoman kewayen Kano sun daɗe suna riƙe da itatuwan gonakinsu duk da cunkoson jama'a. Amma darasin Matamaye ya tsaya a kan ƙafarsa: itacen da ke da mai shi ya fi itacen gwamnati tsawon rai.

Kuɗin da aka zuba a gefen kudu

Nijeriya ta bi hanyar dashe. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka yi aikin dasa itatuwa na Katsina da tallafin Tarayyar Turai ta wancan lokaci, kuma layukan bedi da turare da ake gani a wasu sassan arewacin jihar gadon irin waɗannan ayyuka ne. Daga 2014, ƙungiyar Oxfam ta gudanar da wani shiri, shi ma da kuɗin Turai, a ƙananan hukumomi bakwai da suka haɗa da duka biyar na masarautar Daura, wato Daura da Mai'adua da Sandamu da Zango da Baure, inda aka koyar da rainon toho da murhu mai tsimin itace. Ke nan dabarar ta ƙetaro iyaka. Sai dai manyan kuɗaɗen ba can suke ba.

Suna cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Olusegun Obasanjo ya tallata a 2005, Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007: ɗamarar itatuwa mai tsawon kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, da burin gyara hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce abin da aka gyara a ainihin yankin shirin bai wuce hekta miliyan 4 ba. Manoman jihohi biyu na Nijar sun fi haka, ba tare da an yi bikin ƙaddamarwa ba. A Janairu 2021 masu ba da tallafi suka sake yin alkawarin dala biliyan 14.3 a Faris.

A gida, dokar 2015 ta kafa hukumar shirin ta ƙasa, ta ba ta jihohi 11 ciki har da Katsina, ta kuma ware mata kashi 15 cikin 100 na asusun kula da muhalli na tarayya. A Satumba 2019 Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya yi alkawari a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Nijeriya za ta dasa itatuwa miliyan 25. A 2023 kuma wani kwamitin wucin gadi na Majalisar Wakilai ya zauna a kan kuɗaɗen hukumar, inda alƙaluman da suka fito daga zaman suka kasance naira biliyan 81.2 da itatuwa miliyan 21. Idan aka raba, kowane itace ya tashi a kan kusan naira 3,900. Adalci ne a faɗi cewa hukumar na yin wasu ayyuka bayan dashe, irin su rijiyoyin burtsatse da koyar da sana'a, don haka rabon bai zama hukunci ba. Amma ko da kowace naira ta tafi inda aka ce, lambar miliyan 21 ba ta amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba.

Itacen da aka dasa da itacen da ya rayu abubuwa biyu ne. Ana dasa tsiro a Yuli ko Agusta, a ɗauki hoto, a biya ɗan kwangila. Daga Oktoba zuwa Mayu ba ɗigon ruwa, hunturu ya busar, bazara ta ƙona, akuya ta ƙarasa. Tsiron da aka reno a leda ba shi da jijiyar da za ta kai shi ga danshi, sai an yi masa shinge da ban ruwa, kuma wannan ne ɓangaren da ba shi da biki, ba shi da allon sanarwa. Tsarin da ke biyan kuɗi a kan yawan abin da aka binne a rami yana ba ɗan kwangila lada ko da komai ya mutu. Hasali ma mutuwar ce ke buɗe kwangilar baɗi. Sassaben zamani kuwa ba ya buƙatar sayen iri, ko tankar ruwa, ko waya, wanda watakila shi ne dalilin da ya sa ba shi da masu yi masa kamun ƙafa a lokacin kasafi.

Ga kuma wuta ta ɗaya gefen. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, gas kuma ya yi tsada, gidaje da yawa a Daura da Katsina da Kano sun koma itace da gawayi. Kowace motar itace da ta shiga birni, daga gonar wani ko dajin wani ta fito.

Tambayoyin da ɗan jarida ko ɗan majalisar jiha zai iya yi ba su da sarƙaƙiya. A wane fili aka dasa, a wace unguwa, a gonar wa? Nawa aka dasa, nawa ne ke tsaye bayan rani na biyu? Wa ya ƙirga, kuma shin shi ne wanda ya dasa? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu daga hukumar tarayya, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Hotunan tauraron ɗan Adam da Tappan ya sha wahalar tarawa, yau suna cikin wayar kowane ɗalibi, kuma mutum na iya jera gonakin Kongolam da na Ɗan Barto a fuskar waya ɗaya ya ƙirga da kansa.

Lokacin yin tambayar bai wuce ba, domin wani kuɗin ma ya riga ya shigo. A Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin gyara hekta miliyan ɗaya. Bashi ne, kuma matasan da ke kallon hotunan sakura a wayoyinsu na cikin waɗanda za su biya shi. Sassabe a ƙasar Daura kan kama ne a Afrilu da Mayu, kafin ruwan shuka, kuma a waɗannan makonni ne manomi ke tsayawa a kan kowane kututture da addarsa ya yanke shawarar ko zai bar tohon ko zai sare.